Inji Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Malami ya ce minti bakwai,
kar ya wuce, kar ya gaza.
Muka fita ni da Lucyna,
ita da kyamarar aro, ni da na'urar ɗaukar sauti
da littafin da ruwan sama ya lasar wa gefe.

Łódź da safe: jan bulo bisa jan bulo,
dogayen bututun hayaƙi da suka daina tari.
Tsohuwar masaƙa ce aka mayar gidan tarihi.
A ƙofa aka karɓe jakunkunanmu,
aka ba mu farar safar hannu da doka guda:
ido ya ci, hannu ya yi azumi.

Kwana uku muna ɗakin takardu.
Na kwafe shekarar ƙira, na kwafe nauyi,
da mita nawa injin ke tofarwa kafin a tashi.
Rajistar albashi ta sha ƙura har ta ƙoshi,
sunaye a jere kamar tururuwa,
gaban wasu an rubuta: ta makara, an yanke.
Lucyna ta ce, "Duk lissafi ne. Ina fim a nan?"

Shi kuwa yana bayan igiya,
ya sha mai yana sheƙi,
ƙoshiya kwance a bakinsa kamar harshen da ya mutu.
Na miƙa makirufo. Babu.
Sai takun 'yan makaranta, sai atishawar wani baƙo.
Na kawo guga rijiyar da ta ƙafe.

A kusurwa akwai kujera, a kujerar akwai tsohuwa,
Genowefa mai tsaron zaure, da curin ulu a cinya.
Na gaishe ta ta baya, ko motsi.
Na zagayo. Ta kafa wa leɓena ido:
"Maimaita, yaro, amma sauke hannu daga baki."

Shekara ashirin da shida ta tsaya gaban irinsa.
Ba shi ba, ta ce, ƙanensa,
wanda aka auna a sikeli aka sayar.
Ƙarar ta ci kunnenta a hankali
yadda gara ke cin azara.
"Murya ba ta da amfani a nan.
Da leɓe muke gulma daga bango zuwa bango.
Da leɓe Wiesława ta ce min tana da ciki.
Da leɓe muka zagi shugaban aiki yana tsakiyarmu,
da leɓe aka ce gobe kowa ya kashe injinsa."

Sai ta aje ulun,
ta kamo zaren da babu shi a iska,
ta ƙulla da yatsa biyu da rabi.
Rabin ya tafi wata Laraba; ba ta faɗi shekara ba.
Lucyna ba ta ko cire murfin kyamara ba.
"Don Allah sake." Ta sake. Ta yi dariya, ta kuma.

Na ce yaya ƙarar take, in nemo makamanciya?
Ta buga dunduniya a daɓe.
"Ta nan take shiga. A haƙori take kwana."
Ta dubi kyamarar, ta motsa baki, ba sauti,
tsawon numfashi uku.

Dare biyu muna gardama a ɗakin tace fim.
Lucyna na son kiɗa. Na ƙi.
A minti na huɗu na janye komai,
na bar fuska da leɓe.
Malami ya rubuta da jan biro: a duba, sauti ya ɗauke.

Ranar nuni ta zo da ƙawaye biyu,
suka zauna gaba, jaka a cinya, ba su cire hula ba.
Da aka kai minti na huɗu zaure ya yi tsit,
su uku suka fashe da dariya har da hawaye,
ɗaya na dukan gwiwar ɗaya.

Na bi ta har bakin titi ina tambaya.
Ta juya min baya,
inda ta san ba za ta ji ni ba.