Awa Biyu a Lisbon

Ya biya kuɗin awa biyu, shi kaɗai,
ba rakiya, ba kyamara, sai sanda
da hular da ruwan wata ƙasa ya koɗar.
Na ce, “Leonilde sunana, ga keken, hau a hankali,
garin nan tudu bakwai ne, kowanne da halinsa.”
Ya ce, “Amílcar.” Bai ƙara ba.

Na ɗauko karatun da na haddace,
wanda nake biyawa sau biyar a yini:
ga dandalin da ke kallon kogin Tejo,
ga inda ƙasa ta girgiza ranar ibada,
teku ya ja da baya kamar rago mai shirin karo,
ya dawo ya kwashe, wuta ta cinye saura.
A nan baƙi kan riƙe baki, su ɗaga waya.
Shi kuwa igiyar shanya yake kallo,
wandon wani na rawa a bene na uku.

Muka bi bayan tarago mai ruwan ɗorawa,
yana kuka a kwana kamar ƙyauren da ya rasa mai.
Na nuna majami'a, na faɗi shekarunta.
Na nuna ganuwa, wa ya gina, wa ya rusa.
Ya gyaɗa kai irin na wanda ake ba labarin gidansu.

Sai a Alfama, inda lungu ke matse keke
har madubi ya gogi bango,
ya taɓa kafaɗata da kan sanda:
“Yi hagu.”
Na ce, “Ba ya cikin tsari, babu komai can.”
“Yi hagu, 'yata. Akwai famfo bayan matakala tara.”

Tara ɗin ne. Na ƙirga.
Shekara shida ina wuce bakin lungun
ban san da famfon ba.
Ya ƙafe, tattabaru sun mai da shi majalisa.

“Nan uwata ke wanke kifi,” in ji shi,
“kwando a ka, ƙafa ba takalmi.
Can Firmino mai ɗinkin takalma ke zagin rediyo.
Wannan koriyar ƙofa kuwa…”
Koriyar ƙofar yanzu da lambobi ake buɗe ta.
Wasu samari biyu da rana ta gasa
suka danna huɗu, suka ja akwatunansu ciki,
ɗaya ya yi mana sannu da harshen da ba namu ba.

Ban gaya masa ni ma an tashe ni ba,
bara, daga ɗaki biyu a Mouraria,
yanzu sai na hau jirgin ruwa in kwana a ƙetare.
Mai tallan gari da baki
ba ya faɗin nawa garin ya sayar da shi.

Ya ɗora tafi a kan tayil ɗin bango, shuɗi da fari,
inda ɗaya ya tsage a kusurwa.
“Ni na fasa. Tattabara na nufa da danƙo. Na sha duka.
Shekara hamsin da ɗaya ina ɗora bulo a Lyon,
ashe aikina da ya fi daɗewa yana nan.”
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.

Agogo ya ce saura minti goma sha biyu,
ga hasumiyar Belém ba mu je ba,
ga kek mai kirfa da ke cikin kuɗinsa.
Na kashe keken.
Muka zauna a matakala ta huɗu,
yana nuna tagogi yana kiran sunaye
kamar malami mai kiran rajista
a ajin da aka daɗe da tashi.

A tasha ya miƙo ƙarin kuɗi.
Na ce wanda aka zagaya da shi ke biya,
yau kuwa ban san wane ne cikinmu ba.

Washegari 'yan Kanada huɗu suka hau.
A bakin lungun keken ya sassauta da kansa.
Na dubi hagu.
Na ce, “Gaba kaɗan akwai majami'a,”
na wuce.