Takardar Jikin Firji

A Tromsø rana kan yi sallama a ƙarshen Nuwamba,
ba ta sake leƙowa sai Janairu ya tsufa.
Bana ma ta tafi.

Shekara biyu ke nan, a irin wannan duhun,
ciwon damuwa ya shigo ba neman izini,
ya zauna mini a ƙirji wata biyar.
Na daina zuwa tashar jirgin ruwa inda nake yanka tikiti,
kofuna suka yi funfuna a wurin wanke-wanke.

Da na farfaɗo, Dakta Eilif bai ce na rabu da shi ba.
Ya ce, "Gunvor, baƙon nan ya san hanyar gidanki.
Mu koyi takunsa tun yana kan gada."
Muka rubuta, na liƙa a jikin firji:
farkawa ƙarfe huɗu na dare,
waya tana ƙara ina kallonta,
sai kalmar nan, "kullum".

Yau na kuskure canjin wani fasinja,
kurona hamsin.
Kafin in isa gida zuciya ta gama shari'a:
kullum haka kike,
ba abin da kika iya,
ga shi nan ya dawo.

Ban ko cire rigar sanyi ba
na ja layi a takarda, gida uku.
Me ya faru? Na yi kuskuren hamsin.
Me zuciya ta ce? Na rubuta, ban rage mata ba.
Ina shaida?

Nan ta yi tsit.

Mutum ɗari uku suka wuce ta tagata,
ɗaya na kuskure,
shi ma na bi shi har bakin jirgi na miƙa masa,
ya yi dariya, tururi na fita daga bakinsa.

Ashe tunani mai ƙara ne,
ni na daɗe ina ba shi kujerar alƙali.

Kada in yi ƙarya, nauyin bai tashi ba,
ya dai gusa, kamar kyanwa ta sake wurin kwanciya.
Na wanke kofi ɗaya.
Na ajiye kayan iyo a bakin ƙofa
don gobe Talata ce, ko da marmari ko babu.

Sai waya.
Ƙanwata ce, Oddny.
Ta yi ƙara ɗaya, biyu, uku,
ina tsaye, ina kallon takardar.

A ta huɗu na ɗauka.