Wankin Kuza

Kakata Kaneng ta yi shekara talatin
tana wankin kuza a bakin rafin Dilimi.
Ƙwarya a hannu, ruwa har gwiwa,
sanyin Jos na gwaguyar ƙashi.
Ta juya, ta karkata, ta tsiyaye,
yashi ya bi ruwa, mai nauyi ya kwanta.
Abin da ya saura shi take kira tsantsa,
kuma baƙi ne ƙirin.
Tun daga nan na daina rantsewa da fari.

A zauren Malam Sallau, can Gangare,
aka miƙo min kalma ta biyu tare da buta.
Tsarki, in ji shi, da hagu ake yi,
kar ka taɓa allo sai ka yi shi.
Da la'asar kuma, da bakin nan dai,
ya ce tsarki ya tabbata ga Ubangiji.
Na ce, Malam, kalma guda
ta shiga bayan gida, ta kuma hau sama bakwai?
Ya ɗaga dorina, ya fasa, ya murmusa:
Tsani ne, yaro. Daga ƙasa ake takawa.

Ta bayan katangarmu, asubahin Lahadi,
Maman Chundung na kiran Ruhu Mai Tsarki
tana goge takalman 'ya'yanta.
Kalmar ta tsallako katanga
ko targaɗe ba ta yi ba.

Tsabta kuwa ta Inna ce.
Tsintsiyarta na riga zakara tashi,
tsakar gida fes, tukunya tas,
mu talakawa ne amma ƙuda bai san sunanmu ba.
Duba-gari ya zo da riga fara sol,
ya leƙa randa, bai ga komai ba,
ya ƙi fita sai da ya ji ɗumin sule a tafi.
Inna ta share inda ya tsaya.

A Farin Gada kowa na da rantsuwa.
Mai zuma ya ce zalla ce, sukari na dariya a kwalba.
Mai manja ya ce tatacce.
Ɗan bumburutu ya ce gangariya,
injin Baba ya yi tari kwana uku.
Ruwan leda ma da sunan tsarki aka raɗa masa,
ka sha, ka yar, ya toshe kwata.

Sai shekarar da aka tare hanyoyi
ana tambayar mutum sunansa kafin gaisuwa.
Na ji wasu na cewa za su tsarkake unguwa.
Da gari ya waye na ga aikinsu:
toka.
Toka na wanke tukunya, na sani,
wannan ba ta wanke kowa ba.

Bara a sakatariya, wajen takardar asali,
akawu ya dube ni ta saman gilashi:
Kai tsantsa ne ko gauraye?
Kakana daga Ringim ya zo da diga a kafaɗa,
ya ga Kaneng cikin ruwa, ya manta hanyar gida.
Wanne zan tsiyaye, wanne zan bari a ƙwarya?
Da na gaya masa abin da maƙeri Tanimu ya ce,
kuza zalla da yatsa ake lanƙwasa ta,
sai ta haɗu da jan ƙarfe take yin amo.
Amma layi ya yi tsawo, na karɓi takardata babu hatimi.

Ran da Kaneng ta cika,
matan gida biyu suka haɗu a kanta,
masu lulluɓi da masu ɗankwalin zumunta,
ruwan ɗumi, sabulun salo.
Suka wanke ta sarai.
Ƙarƙashin farcenta kaɗai baƙin kuza ya ƙi fita.
Inna ta riƙe hannun, ta daɗe tana dubawa,
sannan ta ce, ku bar mata shi.