Ruwan da Ba a Sha

An ce yaƙin teku ya ƙare.
Mota ta tsaya a tasha bayan la'asar,
su tara suka sauko, sha huɗu muka raka bara.
Ba wanda ya ƙirga da ƙarfi.

Yayana Kyari na cikinsu,
gishiri ya tsattsaga masa leɓe,
yana tangaɗi a hanyar Birni
kamar Damagaram ma jirgi ce.

Inna ta ƙarar da jarka biyu ranar,
ruwan da muka bi wa layi tun asuba.
Ya riƙe moɗa, ya daɗe yana kallo:
"Can ruwa ya fi sama faɗi,
amma ko kurɓi ba ya shawuwa."

Habsu ta zo tambayar Mutari.
Ya miƙa mata agogo da hula.
Ta ce, "Kabarin fa, a wane gari?"
Ya dubi randa.

Yanzu da dare yakan hau dutse bayan unguwa,
wai shi kaɗai ne ba ya motsi.
In an yi tsawa, mu muna murnar damina,
shi yana laluben rigar hana nutsewa.