Kalma Guda a Tashar Kars

Takarda ta iso da hatimi ja,
kalma guda a goshinta: kınama.
Rüstem ya ɗaga ta ga hasken taga.

Ba zagi ba ce, zagi iska ke kwashewa.
Ta ɗara gargaɗi, ba ta kai yankan albashi ba.
Jan kunne ne da tawada,
ɗaure fuskar hukuma, a ninke, a adana.

Laifin: ya tsai da jirgi minti huɗu
don tsohuwa mai jan ƙafa cikin dusar ƙanƙara,
rungume da dinya mai kuka.

Ya sa hannu inda aka nuna.

Da dare Gülizar ta karanta sau biyu,
ta ce, "Sun manta dinyar,"
ta ɗora masa butar shayi.