Ƙwaryar da Ba Faifai

A Gujungu, bayan rumfar masu riɗi,
akwai shago mai kwamfuta ɗaya da batirin sola biyu.
Mu huɗu ke hawa kanta, kowa da makullinsa.
Nawa aikin lissafin ƙungiya ne:
wa ya kawo buhu, nawa aka auna, nawa ya rage bashi.

In na gama rubutu sai in miƙa wa magina,
manhajar nan da ke tattara layukana
ta dunƙule su su zama abu guda mai aiki.
Ban taɓa tambayar inda take zuba kwaɓinta ba
kafin ta ɗora tubali.

Ashe a bakin hanya take zubawa.
Folda ce ta kowa da kowa, ba ƙyaure, ba asabari.
Fayil na wucin gadi, sunansa ɗaya kullum,
yau gini-ɗaya, gobe gini-ɗaya,
ko akuya ta kwana uku a shagon za ta haddace.

Takan leƙa: da wani a wurin? Babu.
Ta juya ta ɗauko kaya.
Tsakanin leƙawa da ajiyewa
ƙiftawar ido ce,
amma ƙiftawar ido gona ce ga mai jira.

Ran Asabar, jajibirin kasuwa,
wani ya riga ta zuwa wurin,
ya ɗana wannan suna, ya karkata bakinsa
kamar yadda ake karkata ruwa a fadama,
ya nufi littafin buhuna.
Ita kuwa da izinina take tafe, da hannuna take aiki.
Ta zuba. Ta shafe. Ta ce ta gama lafiya.

Buhu ɗari biyu da sha ɗaya,
ba a fasa ko kwaɗo ɗaya ba.

Da safe Baffa Ilu ya jingine kekensa,
ya ce yaro, tara nawa fa?
Na dubi allo, allo ya dube ni.

A nan na tuna Iya Tabawa a injin niƙa.
Mata kan jera ƙore su tafi ɗiban ruwa,
ita ba ta jerawa haka nan.
Sai ta kifa faifai, ta ɗaure da tsumma,
ƙullin yau daban da na jiya,
ta tsaya har garin ya sauka a tata,
ta karkaɗe, ta ɗauke, ko tsaba ba ta bari.
Muna cewa tsohuwa ta cika zargi.
Tana cewa ban zargi kowa ba,
ina rage wa mutane wahalar jarraba ne.

Daren nan na gyara magina.
Ɗakinta daban, mai ƙofa, ni kaɗai ke shiga.
Suna sabo kowane gini, wanda ni ma ban sani ba.
Buɗewa da mallaka a numfashi ɗaya,
in ta tarar da wani abu a wurin, ta fasa.
In ta gama, ta share.

Buhunan, daga littafin takardar Lantana muka kwafo su,
tana karantowa tana dariya.

Har yau ban san ko wane ne ba.
Mu huɗu muna gaisawa,
muna shan shayi a kofi ɗaya.