Kwana Uku a Bayan Dutsen Shere

Dubu sittin na biya, kwana uku,
hayar bukkar katako a bayan Dutsen Shere,
can inda kwalta ta gaji ta juya,
ta bar ni da jar laka da ɗan acaɓa mai suna Itse.

Inna ta ce a waya, kafin layi ya ɗauke:
"Ba lantarki, ba famfo, kuma kai ka biya su?
Ashe yanzu wahala ma sai da rasit."

Baba Izang mai gadi ya miƙo makulli
ɗaure da tsumman atamfa,
da fitilar ƙwai, da ashana rabin kwali.
Ya ce, "Ƙofar kan kumbura in an yi ruwa,
sa mata kafaɗa, kar ka ji tausayinta.
In ka ji motsi a rufi, ɓera ne,
ya riga ka zuwa, kuma shi bai biya ba."

Daren farko sanyi ya shigo ta tsagar katako
ya zauna bakin gado kamar mai bin bashi.
Safa biyu na sa, bargo na warin hayaƙi,
hannuna na ta laluben waya
yadda harshe kan koma gurbin haƙorin da aka cire.
Abuja ba ta ma san na tafi ba.

Da asuba ruwan alwala ya cije ni a gwiwar hannu.
Gajimare ya sauko kiwo cikin itatuwan turare.
Birai uku a kan falalen dutse
sun zuba wa ɗan birni ido yana hura wuta,
itace ɗanye, ido jawur,
shayi bai tafasa ba sai da hantsi ya dubi ludayi.
Matar Baba Izang ta hango hayaƙin, ta gane,
ta aiko yaro da gwaten acca a kwanon sha.

Rana ta biyu na bi sawun awaki
har bakin wani kududdufi kore shar,
ba kwaɗo, ba tsuntsu, shiru kamar an yi masa tsawa.
Tsohon ramin kuza ne.
Na tsaya.
A irin wannan rami, wajen Bukuru,
mahaifina ya ɗauki ƙasa a kwano
har gashi ya daina tsiro a tsakar kansa.
Bukkarsa ba ta fi tawa ba, tasa ma tana yoyo.
Yakan ce mana, "Ku yi karatu,
kar ɗayanku ya kwana inda na kwana."

Na yi karatu, Baba.
Ga ni nan, na kwana,
har da ajiye kuɗin kafin alƙalami.

Daren nan na kashe fitila da wuri.
Ruwa ya sauka a kan kwano, ɗis, ɗis, sannan yuu,
ɓera ya yi sintirinsa ya gama,
ni kuwa na yi barcin da rabona da shi
tun ina mai gajeren wando.

Ran tafiya na sa wa ƙofa kafaɗa, ta rufu.
Na ce da Baba Izang, "Ka more, wallahi,
da da hali da na dawwama a nan."
Ya karɓi makulli, ya juya shi a tafin hannu,
ya dubi takalmina da laka ta cinye, ya ce,
"Ina da yaro ya gama sakandare.
In ka ji ana neman mai gadi a can wajenku,
inda akwai wuta,
ka tuna da shi."

Itse ya tayar da mashin.
Rigar sanyina har yau tana ƙamshin hayaƙi,
na hana a wanke.
Lambar yaron tana aljihunta.